Wasiƙun 'Yan Mazan Jiya: Dukiyar da Muka Bar wa Gara

Duk ɗalibin da ya ɗan kwana biyu a wannan Sashe ya san yadda malamanmu suke kasa adabin Hausa gida biyu, watau na baka da rubutacce, sa'an nan su kasa rubutaccen zuwa waƙa da zube da wasan kwaikwayo. In aka zo kan zube kuwa, sai a fara da littattafan gasar 1933, irin su Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, a bi ta kan Magana Jari Ce, a gangaro har zuwa littattafan zamaninmu. Wannan tsari ba shi da laifi, illa iyaka ya bar wani irin rubutun zube a waje, wanda a ganina ya cancanci a shigo da shi ɗakin karatu tun kafin ya salwanta. Rubutun da nake nufi shi ne wasiƙun da sojojinmu suka riƙa aiko wa iyalansu daga fagen fama, musamman a Yaƙin Duniya na Biyu da kuma Yaƙin Basasar Nijeriya. Ra'ayina shi ne waɗannan takardu adabi ne na talaka, kuma tattara su aiki ne da ya rataya a wuyanmu, mu masu nazarin Hausa. Zan riƙa kawo misali da ƙasarmu ta Gwarzo da Kabo, musamman Kara, domin da abin da mutum ya sani yake kafa hujja.

Ya kamata mu fara da sanin mutanen da suka yi wannan rubutu. Daga 1939 zuwa 1945 mutanen Nijeriya sama da 100,000 suka shiga sojan Ingila, kuma ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai aka ɗebi da yawa daga cikin na Arewa. Na farko an kai su gabashin Afirka, inda suka ci birnin Mogadishu cikin Fabrairu 1941, suka nausa ƙasar Habasha. Daga 1943 kuma aka haɗa runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, aka ɗauke su a jirgin ruwa zuwa Indiya, daga nan sai ƙasar Bama ta nahiyar Asiya, wadda tun 1989 ake kira Miyanma. Runduna ta 81 ta yi fama da Japanawa a kwarin kogin Kaladan cikin 1944, a dajin da ba hanyar mota sai wadda suka sara da hannunsu, ana jefo musu abinci ta jirgin sama, wasunsu kuwa aikinsu ɗaukar kayan yaƙi a ka. Cikin Janairu 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka ci garin Myohaung. Bayan shekara 22 sai ga Yaƙin Basasa, wanda aka fara ran 6 ga Yuli 1967, aka gama cikin Janairu 1970. A cikinsa sojan Nijeriya ya tashi daga kimanin mutum 10,000 ya kai wajen 250,000, kuma mafi yawan wannan ƙari samari ne da aka ɗauka daga gona da kasuwa da tasha.

To, me ya rage mana na waɗannan mutane? Sunayen da suka samo asali daga yaƙin da suka yi suna nan a bakin barikoki: barikin Chindit a Zariya, na Dalet da na Kalapanzin a Kaduna, na Myohaung a Ikko. Abin da hukuma ta faɗa game da yaƙin shi ma yana nan. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya cikin Janairu 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta, ta bi labarin yaƙin tun daga farkonsa. Turawa sun kai Malam Isa Kaita da Malam Bello Dandago birnin Akara, a ƙasar da yau ake kira Gana, domin su riƙa karanta labaran yaƙi da Hausa a gidan rediyo, kuma shi Malam Bello ne daga baya ya zama Sarkin Dawaki Mai Tuta, Hakimin Gwarzo. Abin da mawaƙa suka faɗa ma bai ɓace ba. Malam Sa'adu Zungur ya yi waƙar Maraba da Soja da mutanenmu suka komo daga Bama, a lokacin Basasa kuma Gaskiya Ta Fi Kwabo ta sa gasar waƙoƙin yabon soja, Alhaji Aƙilu Aliyu yana cikin waɗanda suka yi fice. Saura murya guda, ita ce ta shi wanda ya kwana a rami da bindiga, kuma ita ce ba mu ajiye ba.

Kafin a gane darajar irin wannan wasiƙa, sai an duba yadda ake yin ta da hanyar da take bi. Sojan da ya fito daga ƙauye a zamanin yaƙin Hitila bai shiga makarantar boko ba, amma sau da yawa ya yi ta allo, saboda haka ko dai ya rubuta da ajami da hannunsa, ko ya zauna gaban wani abokin aikinsa mai iya rubutu ya yi masa shifta. Kafin a rufe takardar, ƙa'idar soja ce hafsa ya duba ta, kuma an hana soja faɗin inda yake, ko yawansu, ko inda suka dosa. In ta iso gidan waya a Kano, sai ta bi hanyar da takardun mulki suke bi, daga birni zuwa wurin hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, har ta faɗo hannun mai gida. Shi kuma ba zai shiga ɗaki ya karanta shi kaɗai ba. Malami za a kira, a zauna a zaure, a karanta da ƙarfi, mata suna saurare daga bayan danga, yara suna kai rahoto cikin gida.

Abu biyu suka fito daga wannan. Na ɗaya, da yake an rufe wa soja bakinsa game da yaƙi, sai abin da ya rage masa ya zama zaman bariki da maganar gida: irin abincin da ake ba su, ruwan saman da ba ya ɗaukewa, zazzaɓi, wanda ya gamu da shi daga garinsu, inda suka yi sallar idi, sa'an nan tambayar damina, da ko gero ya yi kyau, da ko an sayar da gyaɗa, da ko an biya haraji, da ko kuɗin da ake yanka a albashinsa suna isa hannun iyalinsa. Waɗannan kuwa su ne ainihin rayuwar Bahaushe, waɗanda littafin tarihin yaƙi ba ya tsayawa kansu. Na biyu, da yake soja ya san a bainar jama'a za a karanta, sai ya tsara maganarsa kamar mai magana a zaure. Ke nan wasiƙar tana tsakanin adabin baka da rubutacce, ƙafa ɗaya nan, ɗaya can, kuma samun irin wannan rubutu ba ƙaramin abu ba ne ga mai nazari.

Na san akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne. Wasu za su ce ai wasiƙar Bahaushe ta wancan zamani gaisuwa ce kawai: takarda ta fito daga hannun wane zuwa ga wane, gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci, a gai da wane, a gai da wance, haza wasalam. Ina adabi a nan? Amsata ita ce, wanda ya ɗauki gaisuwar nan a matsayin ɓawo bai san gidan Bahaushe ba. Jerin sunayen da soja ya yi taswirar gidansu ce. Wanda ya fara ambata, da wanda ya sa a ƙarshe, da wanda ya tsallake, duk magana ce, kuma mutanen zaure sun ji ta sarai. Saboda alkunya ba zai kama sunan matarsa ba, sai ya ce a gai da mutanen gida. Ba zai kama sunan ɗansa na fari ba, sai ya ce yaya yaron nan. Mutumin da ya shekara uku bai ga iyalinsa ba, wanda ya san cewa matar da mijinta ya daɗe ba ya nan, ba ci ba sha, tana da ikon kai ƙara gaban alƙali a raba auren, shi ne yake cusa duk fargabarsa cikin kalma uku ko huɗu da surukinsa zai iya ji ba tare da an ji kunya ba. In iya faɗin abu mai nauyi a cikin magana kaɗan ba fasaha ba ce, to, sai mu sake duba abin da muke yaba wa karin magana saboda shi.

Wasu kuma za su ce ai ba sojan ne ya rubuta ba, wani ya rubuta masa, saboda haka ba a san maganar wa ake karantawa ba. Gaskiya ne mai rubutu yakan sa hannunsa, ya gyara nan, ya ƙara can. Amma Malam Aliyu Namangi makaho ne, wasu suka rubuta masa Imfiraji, ba mu taɓa jin wanda ya ce waƙar ba tasa ba ce. Haka kuma labarin Baba ta Karo, wanda ta ba Mary Smith da baki aka buga shi a 1954, har yau masana suna dogara da shi wajen sanin rayuwar matan Hausawa. Aikin mai nazari ne ya rarrabe muryar mai shifta da hannun mai rubutu, kuma wannan kansa darasi ne da ya isa a yi kundi a kai.

Hujja ta uku ita ce ta fi nauyi, watau cewa wasiƙa sirrin gida ce. A cikinta akwai maganar bashi, da ta gado, da zargi tsakanin miji da mata, da saɓani tsakanin wa da ƙane, kuma jikokin waɗannan mutane suna nan da ransu a Kara da Getso da Garo. Wa ya ba ɗalibi izinin ya kwashe wannan ya kai jami'a? Ba wanda ya ba shi, sai masu abin. Don haka nake ganin duk aikin da za a yi, sai an gina shi bisa yardar iyali. Abin da suka ce a rufe, a rufe shi. Inda suka ce a sakaya suna, a sakaya. Wanda ya ce a ɗauki hoto a ajiye amma kada a buga sai bayan shekaru, a cika masa sharaɗinsa. Da a yi asarar takardar ɗungum, gara a ajiye ta a rufe har lokacin da buɗe ta ba zai cuci kowa ba.

Akwai kuma mai cewa wannan aikin Sashen Tarihi ne. Ba na musun suna da rabo a ciki, amma mu duba abin da takardar take buƙata. Tana buƙatar mai karanta ajami, wanda ya san yadda Bakano yake rubuta shi, domin ajami ba shi da daidaitacciyar ƙa'ida guda, kowane malami da yadda ya koya. Tana buƙatar wanda ya san karin harshe, da zai gane ko mai maganar mutumin yammacin Kano ne da ke maƙwabtaka da Katsina, ko kuwa wani ne da ya koyi Hausa a bariki. Gama Hausa ita ce harshen da sojan Nijeriya ya daɗe yana aiki da shi a zamanin Turawa, har aka sami irin Hausar da ake kira barikanci. Ta wannan ƙofa kalmomi da yawa suka shigo mana: soja, bariki, kurtu, kofur, saje, samanja, hafsa, kyaftin, manjo, bataliya, fareti. Wasunsu sun riga sun shiga ƙamusun Bargery na 1934, amma wasiƙa mai kwanan wata ita ce za ta nuna mana lokacin da sauran suka shigo, da yadda aka fara furta su, da waɗanda suka shigo suka mutu ba su kai ga ƙamus ba. Bugu da ƙari, in aka jera wasiƙun yaƙin Bama kusa da na Basasa, za a ga yadda boko ya riƙa ture ajami a hannun talaka, domin tsakanin yaƙoƙin biyu ne aka yi Yaƙi da Jahilci a Jihar Arewa, aka buɗe azuzuwan manya a ƙauyuka. Wannan tarihin rubutun Hausa ne, kuma in ba mu rubuta shi ba, ban san wanda zai rubuta mana ba.

Wani dalilin da ya sa nake matsa wannan magana shi ne bambancin da ke tsakanin waƙar yabo da wasiƙa. Mawaƙi aikinsa ya zuga, ya kira soja zaki, ya ce ba ya gudu ba ya ja da baya, kuma a lokacin yaƙi ana buƙatar haka. Sai dai waƙar yabo ba ta da wurin da za ta sa tsoro, ko yunwa, ko kewar uwa, ko bulalar da aka riƙa yi wa baƙin soja a rundunar Turawa. Ba ta da wurin da za ta sa mutanen da suka halaka a kogin Kwara cikin Oktoba 1967, sa'ad da runduna ta 2 ta yi ta ƙoƙarin ƙetarawa daga Asaba zuwa Anaca, balle fararen hular da aka kashe a garin Asaba cikin wannan wata. Ɗalibin da bai san yaƙi ba sai ta bakin mawaƙa, zai ɗauka yaƙi fareti ne da kiɗan badujala. Wasiƙa, ko da hafsa ya tace ta, tana nuna mutum a matsayinsa na ɗan wani, mijin wata, mai bin wani bashin sule goma. Ƙasar da har yau take aika 'ya'yanta daji da bindiga tana buƙatar ta san su ta wannan fuska.

Abin takaici shi ne tun can ba a daidaita tsakanin takardar sarki da ta talaka ba. Wasiƙun Larabci da Turawa suka samu a gidan Wazirin Sakkwato bayan sun ci garin a 1903, an fassara su, H. F. Backwell ya buga su a 1927, ga su nan a ɗakunan karatu. Takardun Razdan da na Di'o suna jibge a Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna. A ƙasashen waje ma an yi wani yunƙuri: a 1989 gidan rediyon BBC ya nemi tsofaffin sojojin Afirka su rubuto masa abin da suka tuna, kuma David Killingray ya yi amfani da waɗannan takardu a littafinsa na 2010 kan sojojin Afirka a Yaƙin Duniya na Biyu. Aiki ne mai kyau, amma tunawa ce bayan shekara 40 da ɗoriya, ta bambanta da abin da mutum ya rubuta a daren da abin yake faruwa. Takardar da ta zo Kara kuwa, in tana nan, tana cikin adaka, ko gafaka, ko ƙasan akwatin ƙarfe tare da lambar yabo da takardar sallama. Abokan gabanta su ne gara, da ɗigar ɗaki, da gobara, da ranar rabon gado, sa'ad da ake zazzage akwati a ɗauki abin da ake ganin dukiya ne a share saura. Ta ajami tana da wani haɗarin na daban, domin da bisimilla take farawa, kuma mutanenmu sukan ƙone ko su binne irin wannan takarda don kada a taka sunan Allah. Niyya ce mai kyau, amma takardar ta tafi ke nan.

Lokaci kuma ba ya jiranmu. Mutanen Bama kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Saurayin da ya shiga soja yana da shekara 20 a 1967, yau ya doshi 80. Matan da aka rubuto wa, da ƙannen da suka zauna a zaure suka ji an karanta, su ne kaɗai za su iya gaya mana wane ne yaron nan, wace ce wance, me ya sa aka tsallake sunan wane. Ran da suka kau, ko an sami takardar, an sami kulle ne ba mabuɗi. Na bayansu ma ba su tsira ba. Waɗanda aka kai Laberiya daga 1990, da Saliyo bayan haka, sun aiko da takardu da kaset-kaset. Waɗanda suke fama a Arewa maso Gabas tun 2009, da masu yaƙi da 'yan bindiga a dazuzzukan Zamfara da Katsina, saƙon murya suke turowa ta WhatsApp, wanda ranar da waya ta faɗa ruwa ko aka sace ta, shi ke nan. Takarda ta fi shi ƙarko nesa ba kusa ba.

Shawarata ga Sashe da Ƙungiyar Hausa ba mai tsada ba ce. Kowane ɗalibi yana zuwa gida hutu, kuma kusan kowa yana da waya mai ɗaukar hoto. A tsara takarda guda ta neman izini, da Hausa, boko da ajami, a ba kowa ya tafi da ita. Mu na ƙasar Gwarzo da Kabo mu raba garuruwa tsakaninmu, wani ya ɗauki Kara da Kutama, wani Getso da Lakwaya, wani Garo da Durun da Gude. A fara da gaishe da dagaci da liman, domin su suka san gidajen da aka yi soja, a kuma nemi taimakon Ƙungiyar 'Yan Mazan Jiya. In an sami takarda, a ɗauki hotonta gaba da baya har da ambulan, a mayar wa masu ita nan take, kada a ce za a tafi da ita a dawo. A roƙi wani dattijo ya karanta ta da ƙarfi a ɗauki muryarsa, sa'an nan a tambayi mutanen gida bayanin sunayen da ke ciki. Abin da aka tara a ajiye kwafi a Sashe, a kai wani Gidan Ɗan Hausa a Kano, wani kuma Gidan Arewa a Kaduna, don kada a zuba ƙwai duka a kwando ɗaya a yi kuka daga baya. Ina kuma roƙon malamanmu, Allah ya ƙara musu sani, su yarda ɗalibin shekarar ƙarshe ya yi kundinsa a kan wasiƙa goma ko ashirin, ya juya su zuwa boko, ya yi sharhin harshensu da salonsu. Ya fi a ce shekara da shekaru ana maimaita nazarin jigo da salo a waƙoƙin mawaƙin da aka riga aka yi masa kundi bakwai.

Mai yiwuwa ɗalibi ya zaga gida goma ya sami takarda ɗaya tak, wata ma rabinta gara ta cinye. Wannan bai isa ya karya mana gwiwa ba, gama da babu gara ba daɗi, kuma in ɗalibi 50 suka kawo ɗaya-ɗaya, an sami abin da babu shi a kowane ɗakin karatu yau. Mutanen nan sun ƙetare teku, wasu sun ƙetare Kwara, suna cikin halin rai kwakwai mutu kwakwai suka nemi takarda da alƙalami don su tambayi lafiyar gida. Hausawa sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Hutu mai zuwa, kowa ya tambayi kakarsa abin da ke ƙasan akwati. Allah ya sa mu dace, amin.